Dabinon Da Aka Ƙi Ci A Makokin Baba

Ranar Talata da hantsi, farkon damina, lokacin da dabinon kwarin Gure ya nuna, Allah Ya karɓi abinSa. Wanda Ya ba mu aronsa Shi Ya aiko, mu ma muna kan hanya. Ba zan ambaci sunansa ba. Surukina ne, mahaifin matata, ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu da ƙasa ta rufe shi ba. Baba nake ce masa.

Mutane sun zo makoki, ba laifi. Mangawa sun zo daga Bune, makiyaya sun gangaro daga Alakos, 'yan kasuwa sun rufe rumfuna. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin kurnar ƙofar gida. Iya, matarsa, ta sa aka fito da gumba da ruwa, da faifai uku na ɗanyen dabino daga garkarsa, wanda aka sauke kwana biyu kafin ya kwanta. Duk wanda ya zo sai ya tsuguna, ya ce ya haƙuri, ya yi addu'a, ya gutsuri gumba, ya sha ruwa. In hannunsa ya zo kan faifan dabino sai ya kewaye.

Wasu tsofaffi biyu suna bayana, suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ka ga girmansa kuwa? Kamar babban yatsa."

"Na gani. Dabinon da ake yi wa magana ke nan."

"Ɗauki ɗaya mana, ai sadaka ce."

"Haƙorina ke ciwo."

"Kai da rabonka da haƙori tun shekarar fara."

Wani baƙo da bai san zancen ba ya ɗauki guda. Na kusa da shi ya raɗa masa wani abu a kunne. Na ga ya sauke hannu a hankali, ya tura dabinon ƙarƙashin tabarma.

Ina zaune ina karɓar gaisuwa, alhali na san wanda ya ƙirƙiri zancen da ya hana mutane cin dabinon nan. Ni ne.

Ni tela ne, mutumin Damagaram. Na zo Gure da allura da almakashi, da kai cike da hikayoyin da fatake ke kawowa daga Kano a takardu, waɗanda nake karanta wa mutane a rumfa ina ƙara musu gishiri. Wata safiya na gangara kwari neman ruwa, na ga wata yarinya a bakin rijiya, inuwar ganyen dabino tana wasa a fuskarta, ta ɗago ido ta dube ni sau ɗaya ta ci gaba da jan guga. Daga ranar ban sake barci mai daɗi ba. Ita ce matata yau. Amma kafin in san mahaifinta da kyau, bakina ya riga ya yi ɓarna.

Baba gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai ƙarancin magana. Barbarci yake yi a gida, Hausa a kasuwa. Yana saurayi ya bi fatake kudu, ya yi shekara goma sha ɗaya ba labari, har aka fid da rai. Ya dawo ba raƙumi ba kaya. In an tambaye shi sai ya ce, "Fatauci na je, can bakin teku," ya kama wani zance. Bai taɓa tuɓe riga a gaban kowa ba. Ko a zafin bazara, lokacin da maza ke aiki a garka daga su sai bante, shi da taguwa yake hawa dabino. Da na fara yi masa ɗinki, ya ce in sa ƙyalle mai kauri, in ɗaga wuyan ta baya. Na kai hannu zan gwada kafaɗarsa, ya ja da baya, ya ce, "Gwada da ido, Tela."

Akwai kuma wani abu. Ranar da gardi, dogaran Bature, suka wuce da mutanen da aka kama don aikin hanya, a jere da igiya, kowa ya fito kallo. Baba ya shige ɗaki ya sa asabari. Iya ta ce ranar ko ruwa bai sha ba.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Wata safiya, bayan sanyi ya wuce, 'ya'yan dabino sun kai kamar ƙwayar wake, na je kwari ina fatan ganin masoyiyata. Ban gan ta ba. Na ga Baba a saman dabino da 'yar wuƙa, yana shafa nonon dabinon, wato curin 'ya'yan, kamar mai lallashin jariri. Yana cewa, "Muco, muco." Sai ya yanke zare-zare daga tsakiyar nonon, ɗanyun 'ya'ya suna zubowa ƙasa. Ya yi wa kowane nono haka. Ya sauko, ya tattara abin da ya yanke, ya haƙa rami a gindin itacen, ya binne, ya daddanne da ƙafa.

A Gure ba wanda ke yin haka. Abin da dabino ya haifa, shi ake jira. Kalmar kuwa ba Hausa ba ce, ba Barbarci ba, ba Larabci ba, ba kuma irin ta kwamanda, Baturen mulki, ba.

Da na koma rumfa, mutane suna zaune suna jiran labari, sai na ba su. Na ce ai Baba ba fatauci ya je ba. Wata aljanar teku ce ta riƙe shi shekara goma sha ɗaya a gidanta na ƙarƙashin ruwa, mai gashi har gadon baya, ta sake shi bisa sharaɗin kowace shekara zai binne mata rabonta, ya yi mata magana da yarenta, ita kuma ta kumbura masa sauran. Na ce rigar da ba ya tuɓewa, hatiminta ne a bayansa. Wallahi lokacin da nake faɗa, daɗin labarin kawai nake ji, har ina tausaya wa aljanar. Aka yi dariya. Kafin kasuwa ta sake ci, dariyar ta fita daga cikin labarin, saura ya zauna. Bayan shekara ba wanda ya tuna daga bakin wa ya fito.

Dabinon Baba kuwa ya ci gaba da ba da shaida a kansa. Nasa ya fi na kowa girma, yana riga na kowa nuna, ana sauke shi kafin ruwan sama ya ruɓar da na maƙwabta. Mutanen gari suka daina saye, sai baƙi. Ya saba aika nunan fari ga mata masu ciki da tsofaffin unguwa. Aka fara mayar masa da ƙwaryar a rufe yadda ta je. Bai daina aikawa ba. Akwai wata makauniyar tsohuwa da ba ta taɓa mayarwa ba, ita ma daga baya muka ji akuyarta take ba.

A haka ya ba ni 'yarsa. Ban san dalili ba, har yau.

Rigimar da na fi tunawa ita ce tasa da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami. Garkarsu ɗaya ce ta gado, aka raba da shinge. Wata rana ya tsaya a bakin shingen, Baba yana bisa itace.

"Yaya, Allah Ya ba ka, kai kana zubarwa. Wannan ba butulci ba ne?"

"Gero ma ai kana cira in ya yi cunkoso."

"Gero tsiro nake cirewa, ba 'ya'ya ba. Kuma ba na binne shi ina yi masa yaren da ubanmu bai sani ba. Wa kake ba?"

"Itace nake ba. Ita ma tana gajiya."

"To faɗa mini inda ka koyo. Gaban liman. In ka faɗa, ni zan fara ci."

Baba ya ci gaba da yanka. Baba Ƙarami ya ce, "Ka gani ko." Daga ranar ya hana 'ya'yansa tsallaka shingen. Suna gaisawa a masallaci, shi ke nan.

Abin da zan faɗa yanzu amana ce. Iya ce ta warware mini ita bayan sadakar arba'in. Ta aiko matata ta ce mini, "In ji Iya, bakin da ya ɗaura shi zai kwance. Baba ne ya ji kunyar abin, ita ba ta ji. Ka rubuta duka."

Shekara uku da aurenmu gwiwar Baba ta fara ƙi. Wata safiya ya aiko a kira ni kwari. Ya miƙo mini igiyar hawa da 'yar wuƙar.

"Hau, Tela. Mai almakashi ai ba ya tsoron yanka."

Na hau. Ba tsayin itacen nake tsoro ba. Labarina ne ya dawo ya kama ni, don na faɗe shi sau da yawa har na fara yarda. Ina ta ayatul kursiyyu a zuci. Baba yana ƙasa, ya ɗaga kai, ya kare rana da hannu.

"Wancan na damanka. Sa hannu a ciki. Yatsunka suna shiga?"

"Ba sa shiga, Baba."

"Muco. Yanke na tsakiya, iska ta samu hanya."

Na yanke. Da na sauko, na tsuguna nesa kaɗan, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, a gafarce ni. Wannan kalmar, da wa ake yi?"

Ya dube ni. Sannan ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba.

"Kai ma? Kai da ka ɗinka labarin, kai ma ya tsorata ka?"

Na rasa inda zan sa kaina.

"Na san rumfar da aka yi ɗinkin," ya ce. "Ya yi kyau kuwa, shi ya sa bai yage ba. Zauna."

Ya ce kalmar ta Turawan Panya ce, wani tsibiri a cikin teku, bayan Kalaba. Ma'anarta da yawa, ko ƙwarai. Ya dumbuzi rairayi da hannu biyu har yana zuba ta tsakanin yatsu, ya ce, "Muco." Ya nuna rana da ta fara zafi, ya ce, "Muco." Ya sa na faɗa. Na faɗa, ya ce na ja ta kamar mai kiran akuya, in taƙaita. Na sake, ya ce ya yi. Ya ce abu in ya yi yawa ana faɗa, aiki in ya yi tsanani ana faɗa, mutum in ya gaji ƙwarai ita zai faɗa. Na tambaye shi ta kaɗan fa. Ya ce ya san ta, amma ba ya son ta a bakinsa, da ita ake auna musu abinci.

Daga nan ya ba ni labarin, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Jarinsa ya ƙare a Kalaba. Wani dillali ya ce akwai aiki a tsallaken ruwa, wata shida a dawo da arziki. Ya dangwala yatsa a takarda. Shekara bakwai ya yi a gonar koko, ba fita. Akwai wani tsohon Baturen gona da ke zagayawa da sanda, in ya ga itace ta yi rassa da yawa sai ya nuna ya ce muco, a sare. Ɓawon koko da ruɓaɓɓun 'ya'ya kuma a binne a gindi. Baba ya lura itacen da aka rage wa kaya ita ke ba da manyan 'ya'ya. Abin da ya dawo da shi ke nan daga tsibirin, shi da kalmar.

Na ce, "Baba, ana duka?"

Ya ɗauki wuƙar yana goge ta da gefen riga. Ya ce, "Muco."

Na ce gobe zan tsaya a kasuwa in ce ƙarya na yi. Ya ce kada in kuskura.

"In ka ce ba aljana ba ce, za su ce to wa ya koya masa. Ƙanena ba zai bari ba sai ya ji ƙarshe. Mu 'ya'ya ne ba bayi ba, Tela, ba a taɓa sa wa gidanmu igiya ba. Ka san sunan da ake ba mutumin da aka saya da takarda aka yi wa bulala. In ya manne, jikokina za su gada, har ranar da za a zo neman aurensu. Gara a ce ina da aljana. Mai aljana ai tsoronsa ake ji."

Na yi masa alkawari. Shekara huɗu ni ke hawa, shi yana ƙasa yana nuni, har na iya gane nonon da ya yi yawa tun daga ƙasa, har kalmar ta zauna a bakina. Ranar da matata ta haifi ɗanmu na fari, ta tambaye ni ko na ji daɗi, da ita na amsa mata, ta jefe ni da mafici.

Amma zan faɗi gaskiya, tunda ranar gaskiya ce. Ko bayan wannan, zuciyata ba ta kwanta duka ba. Ni mai ƙirƙirar labari ne, na san yadda ake yi. Nakan ce, in shi ma labari ya ba ni don ya rufe mini baki fa? Ban ga bayansa ba. In muna binne 'ya'yan, nakan saci kallon hannunsa ko zai jefa wani abu a ramin.

Ranar rasuwar, ni na ɗinka likkafani. Baba Ƙarami da liman suka shiga wanka. Da na kawo likkafanin bakin ƙofa, Baba Ƙarami ya fito karɓa, fuskarsa ta yi fari kamar ƙyallen. Ya riƙe wuyan hannuna.

"Bayansa," ya ce. "Ka sani?"

"Ya faɗa mini. Ban gani ba."

"Ni na gani. Ba wurin da za ka sa yatsa."

Ya koma ciki. Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, ni kuma alkawari ya ɗaure ni. Haka muka wuni a gindin kurna, mu biyu da liman, muna kallon hannuwa suna kewaye faifai.

Washegari da la'asar Baba Ƙarami ya ce in ɗauko hauya in bi shi. Muka gangara kwari. Karo na farko cikin shekaru ya tsallaka shingen. Ya ce in nuna masa inda muka binne na bana. Na nuna. Ya karɓi hauyar ya haƙa da kansa, tsoho da shi, yana haki. Ya sa hannu yana murza ƙasar, yana neman laya, ko ƙaho, ko ƙashi. Bai samu komai ba sai baƙar ƙasa mai laushi da tsutsotsi. Bai yarda ba, ya haƙa gindin itace na biyu, ya haƙa na uku. Ni ma ina leƙawa, kuma ba don in taya shi ba. A na uku ya zauna daɓas, ya sunsuni ƙasar.

"Taki ne," ya ce.

"Taki ne, Baba."

"Wa ya yi masa wancan?"

Na ce na yi alkawari. Ya ce, "Ni ƙanensa ne, ciki ɗaya." Na ce shi ya sa. Ya dube ni, ya dubi itatuwan, bai sake tambaya ba. Ina jin ya haɗa sauran da kansa. Muka mayar da ƙasar muka hau tudu.

Ranar sadakar uku dabinon ya fara laushi. Ɗanyen dabino ba ya jira a damina, in ya ƙara kwana sai dai a zuba wa dabbobi. Matata ta gaya mini Iya ta ce a sake fito da shi, in an ƙi ci yau, ita da kanta za ta kwashe ta kai masa kabari ta ce ga abin da garinsu ya yi masa.

Bayan liman ya shafa addu'a, na miƙe. Na ce jama'a su saurare ni. Na ce labarin aljanar teku ni na ƙirƙira a rumfata, shekara tara da suka wuce, don a yi dariya, babu komai a cikinsa sai ƙarya, ina neman gafarar Allah da ta mamaci da tasu.

Sai tsohon nan mai ciwon haƙori ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Tela. Suruki na gari ke nan, ya ɗauki laifi don ya rufa asiri."

"Wallahi ni na ƙirƙira."

"To, mun ji. Kalmar fa, kai ka ƙirƙira ta? A ina ya samo?"

Na tuna alkawarin da na yi wa Baba. Na ga suna kallon juna. Ƙaryata sun karɓa hannu biyu, gaskiyata ba mai so.

Baba Ƙarami ya matso. Ya miƙa hannu ya jawo faifan gabansa. Duk Gure an san shi ne ya hana 'ya'yansa tsallaka shinge. Ya zaɓi babba, ya yi bisimilla a bayyane, ya sa a baki. Ya tauna a hankali, ya fitar da ƙwallon ya ajiye a gefen tabarma. Ya ɗauki na biyu. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba. Liman ya matso ya ɗebi uku.

Wani ya ce, "Malam, kai ma?"

Liman ya ce, "Ni na wanke shi," ya ci gaba da ci.

Ba kowa ya ci ba. Wasu sun tashi sun ce rana ta yi. Amma faifan farko ya ƙare, aka jawo na biyu. Tsohon nan ya ɗauki guda yana mutsuka shi da dasashi, yana kallon sama kamar mai jiran wani abu ya faɗo. Da ya ga ba abin da ya faɗo, ya ce wa Baba Ƙarami, "Ashe da zaƙi haka?"

Baba Ƙarami ya juyo wajena. "Yaya ma yake cewa, Tela?"

Na faɗa masa. Ya maimaita, ya ja ta kamar mai kiran akuya. Na ce ya taƙaita. Ya sake faɗa a gaban kowa, ba wanda ya tashi.

Daga cikin gida na ji Iya ta fashe da kuka, wanda ta riƙe kwana uku.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya bayan da aka daka, Ya yafe masa, Ya yafe wa bakin da ya cuce shi. Itatuwansa goma sha huɗu suna nan a kwari. Baba Ƙarami ya ce in sanyi ya wuce in zo da wuƙar, mu fara da nasa.